Tsimes: Karas Mai Zuma Na Yahudawan Turai, Tsakanin Al'ada Da Lafiya

A tsakanin Yahudawan da kakanninsu suka zauna a gabashin Turai, watau ƙasashen Polan da Lituweniya da Yukiren da yammacin Rasha, akwai wani abinci wanda da wuya a yi bikin sabuwar shekara ba a gan shi a kan tebur ba. Sunansa tsimes. Karas ne ake yayyankawa a kewaye kamar sulalla, a dafa shi sannu a hankali tare da zuma, har ya yi laushi, ruwan ya tsotse, ya bar wani danƙo mai sheƙi a jikin kowane yanka. Ba shi ne gundarin abincin ba, mahaɗi ne kawai da ake zubawa a gefen nama ko kaza. Duk da haka, in aka rasa shi a wannan dare, tsofaffin gida sai su ga kamar bikin bai cika ba.

Abin da ya sa muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu labarinsa shi ne, wannan ɗan mahaɗi ya shiga irin tsaka mai wuyar da abincin gargajiya na al'ummomi da yawa ya shiga a zamanin nan. Likita yana cewa a rage zaƙi da maiƙo saboda ciwon sukari da ciwon zuciya. Al'ada kuwa tana cewa zaƙin nan shi ne ma'anar abincin, in an cire shi me ya rage? Masu girkin Yahudawa sun daɗe suna laluben mafita, sun kuma yi tuntuɓe a hanya, kuma abin da aka gano yana da amfani ga duk mai dafa karas, ko a Warso yake ko a Zariya.

Sunan da ma'anarsa

Waɗannan Yahudawa ana kiransu Ashkenazawa. Harshensu na gida shi ne Yidish, wanda tushensa tsohon Jamusanci ne da ya gauraya da Ibrananci da harsunan maƙwabta irin su na Polan da Rasha. Daga wannan harshe kalmar tsimes ta fito. Kunnen Bahaushe zai ji ta kamar "tsimi", alhali babu wata dangantaka a tsakaninsu, ko da yake, kamar yadda za mu gani nan gaba, tsimi da tanadi ne suka haifi abincin. Saboda ɗawainiyar kankara da yanka da tsaron tukunya, har kalmar ta shiga karin maganarsu: in mutum ya yi ta kwakwazo a kan abin da bai taka kara ya karya ba, sai su ce ya yi tsimes a kansa.

Bikin da aka fi cinsa shi ne Rosh Hashana, watau "kan shekara", wanda ɗaliban Larabci za su ji kamarsa da ra'asus sana. Yana faɗowa a watan Satumba ko farkon Oktoba. Alal misali, a 2025 ya soma da almurun Litinin 22 ga Satumba, aka shiga shekara ta 5786 a lissafinsu. A daren bikin sukan ci abubuwan da sunansu ko kamanninsu ke nuna fatan alheri. Asalin wannan al'ada yana cikin Talmud, babban kundin malamansu na dā, inda wani malami mai suna Abaye, wanda ya rayu a ƙasar Babila, watau Iraƙi ta yau, a ƙarni na 4, ya lissafa abubuwa biyar na farkon shekara: kabewa, da dabino, da wani dangin albasa, da wani ganye mai kama da alayyafo, da wani abu mai suna rubiya. Wasu sun ce rubiya hulba ce, wasu Yahudawan ƙasashen Larabawa kuwa suka ɗauke ta farin wake irin namu. Abin lura dai shi ne sunanta yana kama da kalmar da ke nufin yawaita.

To, ina mutumin Polan zai sami dabino ko rubiya a kakarsa mai sanyi? Wani malaminsu na can, Abraham Gombiner, wanda ya rayu a ƙarni na 17, ya yi bayanin cewa duk abincin da sunansa yake nuna yawaita a harshen mutanen wuri, ya wadatar. Sai aka yi dace: a harshen Yidish kalmar "mern" tana nufin karas, tana kuma nufin ƙaruwa. Mai cin karas a daren nan yana fatan ayyukansa na alheri su ƙaru, zuriya ta ƙaru, arziki ya ƙaru. Yankan da ake yi masa a kewaye ya mai da shi kamar kuɗin zinariya, zumar kuwa fatan shekara mai daɗi ce, daidai da yadda suke tsoma tuffa a zuma a wannan daren. Ke nan mai son gyara wannan abinci don lafiya yana da iyaka: dole karas ya kasance, dole a ji zaƙi, kuma ya kamata a ga sulallan.

Abincin talaka ne

Shi kansa karas baƙo ne a Turai. An soma nomansa don saiwarsa a yankin Farisa da Afganistan wajen ƙarni na 10, kuma a lokacin launinsa shunayya ne ko rawaya. Masanin noman nan na Andalus, Ibn al-Awwam, mutumin Ishbiliya, ya ambaci ja da rawaya a littafinsa a ƙarni na 12. Irin wanda muka sani yau, mai ruwan lemo, manoman Holan ne suka kyautata shi tsakanin ƙarni na 16 da na 17, daga nan ya bazu.

Ya kuwa sami karɓuwa a gabashin Turai don yana jure sanyi, yana da araha, yana kuma ajiyuwa. Daga 1791 zuwa 1917 gwamnatin sarakunan Rasha ta taƙaita zaman mafi yawan Yahudawa a wani yanki na yammacin daular. Ƙidayar 1897 ta nuna sun haura miliyan 5 a daular, akasarinsu talakawa ne a ƙananan garuruwa: teloli, da dukawa, da 'yan koli, da masu amalanke. Hunturunsu yakan ɗauki watanni ƙasa tana rufe da ƙanƙara. Abin da ke rufa wa gida asiri shi ne abin da aka adana a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, watau dankalin Turawa da kabeji da albasa da karas da aka binne cikin yashi. Karas kuwa yana da wata ɗabi'a: in sanyi ya buge shi sai ya ƙara zaƙi, domin yana tara sukari a jikinsa don kāre kansa daga daskarewa. A gidan da sukari kayan alatu ne, zuma kuma sai ran biki, hankali ma zai ba mutum cewa mafi yawan zaƙin tukunyar daga karas ɗin yake fitowa, zumar cokali ɗaya ko biyu ce ta cika al'ada.

Batun maiƙo ya fi wannan sarƙaƙiya, don dokar addininsu ce ta tsara shi. Kitsen alade, wanda maƙwabtansu ke girki da shi, haramun ne a gare su. Man shanu halal ne, amma dokarsu ta hana haɗa nama da duk wani abu na madara a ci ɗaya, har tukwane da cokulan kowanne daban ake ajiyewa. Tun da tsimes tare da nama ake cinsa, man shanu ya fita. Zaitun kuma ba ya fitowa a ƙasarsu. Abin da ya rage shi ne kitsen kaza da na dinyar gida, babbar agwagwar nan ta Turai, wanda suke narkawa su adana, suna kiransa shmalts. Wasu sukan jefa yankin ƙirjin sa ko haƙarƙari mai kitse a tukunyar, a bar ta awa biyu ko uku, wasu kuma su kaɗa fulawa da kitse su zuba don ya yi kauri. Mutanen Lituweniya suna da nasu na dankalin Turawa da wani busasshen ɗan itace baƙi mai zaƙi da ɗan tsami, wanda suke kira fuloimen. Abinci ne mai nauyi, babu shakka, amma ga mutanen da ke yini a tsaye cikin sanyi, waɗanda sai ran Asabar ko ran biki suke ganin nama, nauyin nan ba illa ba ne.

Yadda wadata ta canza tukunyar

Abu biyu ne suka sauya lamarin. Na farko sukari. A 1747 wani masanin haɗa magunguna na Barlin, Andreas Marggraf, ya nuna ana iya fitar da sukari daga saiwar wani tsiro na ƙasashen sanyi da Turawa ke kira bit, kuma a 1802 masana'anta ta farko ta soma aiki a yankin Silesiya. Cikin ƙarni na 19 masana'antun suka cika Polan da Yukiren, har wani gidan attajiran Yahudawa na birnin Kiyef, gidan Brodsky, ya shahara da wannan sana'a. Sukari ya yi araha, Yahudawan kudancin Polan suka shiga zuba shi har a cikin kifi, abin da 'yan'uwansu na Lituweniya, masu son barkono da gishiri, suke yi wa dariya.

Na biyu ƙaura. Tsakanin 1881 da 1924 Yahudawan gabashin Turai fiye da miliyan 2 suka tafi Amurka, da yawansu suka zauna a Niyu Yok. A can nama da sukari sun wadata. Tukunyar tsimes ta karɓi dankalin Hausa, wanda Amurkawa ke nomawa da yawa, da jan sukari, da zabibi, har da abarbar gwangwani. Abin da ake yi da cokali ya koma da kofi. Ga shi kuma jikokin masu amalanke sun zama ma'aikatan ofis masu yini a kan kujera.

A nan ne aka yi tuntuɓen da muka ambata. A 1911 kamfanin Procter & Gamble ya fito da Crisco, wani daskararren mai da aka yi daga man tsiro. Tun da ba nama ba ne ba madara ba, ana iya haɗa shi da komai, kuma a 1933 kamfanin ya buga littafin girki da Yidish da Ingilishi musamman don matan Yahudawa. Shi da majarin suka ture shmalts daga madafai da yawa, kuma da likitoci suka soma gargaɗi a kan kitsen dabba, sai aka ɗauka an tsira. Daga baya bincike ya tabbatar cewa hanyar da ake bi a daskarar da man tsiro a wancan zamani tana haifar da wani irin kitse da ake kira tirans, wanda ya fi kitsen dabbar cutar da jijiyoyin zuciya. An sake haɗin Crisco a 2007, sannan a 2015 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta yanke hukuncin hana irin wannan mai, hanin ya soma aiki a 2018. An gudu daga kitsen kaka, an faɗa wanda ya fi shi.

Lissafin zuma da mai

Bari mu dubi alƙaluma, don a nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Ɗanyen karas giram 100 yana da kalori kimanin 41, kusan kashi 88 cikin 100 nasa ruwa ne, sukarinsa bai kai giram 5 ba. Karas ba shi da laifi. Babban cokali ɗaya na zuma kuwa yana ɗauke da sukari kimanin giram 17 da kalori 64. Ba abin mamaki ba ne a buɗe littafin girki a ga an ce a zuba rabin kofin zuma da rubu'in kofin sukari a tukunyar mutum shida. Rabin kofin zuma cokali 8 ne, watau sukari giram 136, a ƙara giram 50 na sukarin, an tashi 186. In aka raba shida, kowa ya sha giram 31 a mahaɗi kaɗai, ba a zo kan abin sha da kayan zaƙi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2015, ta ce sukarin da ake ƙarawa a abinci kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, watau kamar giram 50 ga babban mutum, kuma in an iya a sauko zuwa giram 25 ya fi.

Akwai masu cewa ai magani shi ne a bar sukari a koma zuma zalla, tun da ita daga ƙudan zuma ta fito ba daga masana'anta ba. A ganina wannan yaudarar kai ce. Zuma tana da ƙamshi da ɗanɗanon da sukari ba shi da su, shi ya sa kaɗan daga cikinta ke isa, kuma wannan ne ainihin amfaninta a tukunyar nan. Amma fiye da kashi 80 cikin 100 nata sukari ne, kuma hukumar da muka ambata ta lissafa ta, tare da ruwan 'ya'yan itace da aka matse, cikin abubuwan da za a rage. Jinin mai ciwon sukari bai san bambancin amya da masana'anta ba.

Kuskure na biyu shi ne na masu cire mai ɗungurungum. Launin karas yana fitowa ne daga wani sinadari mai suna karotin, wanda wani Bajamushe, Wackenroder, ya fara warewa daga karas a 1831, kuma wajen 1930 Thomas Moore na Kambirij ya nuna jiki yana mai da shi bitamin A. Wannan bitamin shi ke tsare mutum daga dundumi, yana kuma taimakon jiki wajen yaƙi da cututtuka. Karas giram 100 yana ɗauke da abin da ya kusan biyan bukatar babban mutum ta yini guda, in har hanji ya iya tsotsarsa. To, karotin ba ya narkewa a ruwa, sai a mai. A wani gwaji da masanan jami'ar jihar Ayowa ta Amurka suka buga a 2004, an ba mutane haɗin ɗanyen ganye da karas, wani lokaci da mai, wani lokaci babu. In babu mai, kusan ba a ganin alamar karotin a jininsu. Haka kuma dafuwa tana farfasa ƙwayoyin saiwar ta saki sinadarin, saboda haka dafaffen karas mai ɗan maiƙo ya fi ɗanye ba jiki karotin. Kakannin nan da ke zuba cokalin shmalts ba su san sunan bitamin ba, amma tukunyarsu tana kan hanya. Abin gyara shi ne yawan man da irinsa.

Wani tsoro kuma da ya daɗe yana yawo shi ne wai dafaffen karas yana ɗaga sukarin jini da sauri. Tushensa wani jadawali ne da David Jenkins da abokan aikinsa suka buga a Toronto a 1981, inda aka auna saurin da abinci iri-iri ke ɗaga sukarin jini, aka ba karas maki 92 bisa 100. Gwaje-gwajen da aka sake daga baya sun saukar da shi ƙasa da 50. Ko da ma ba haka ba, abin da zai koma sukari a cikin karas kaɗan ne ƙwarai in aka kwatanta da shinkafa ko burodi.

Yadda ake dafa mai sauƙin

Ga yadda za a yi wa mutum shida. A sami karas kilo ɗaya, mai tauri, mai jan launi sosai. A wanke, a kankare bayansa sama-sama, a yanka a kewaye, kaurin kowane yanka kamar rabin santimita, kuma a yi ƙoƙari su zo daidai don su dahu tare. A ɗora tukunya mai faɗi, ba mai zurfi ba, domin faɗin shi zai sa ruwan ya tsotse da wuri kafin karas ya dame. A zuba man zaitun ko man gyaɗa babban cokali biyu, a zuba karas da rabin ƙaramin cokalin gishiri, a jujjuya minti uku ko huɗu har gefensa ya soma canza launi. Wannan 'yar suya ita ke fito da zaƙinsa na asali, kada a tsallake ta.

Sai a matse lemun zaƙi biyu a zuba ruwan, a ƙara ruwa kamar rabin kofi, da ɗan itacen kirfa, da ɗanyar citta da aka goga kamar ƙaramin cokali. A rufe, a rage wuta, a bar shi minti 10 zuwa 12, har tsinin wuƙa ya shiga amma da sauran ƙarfi a tsakiya. Yanzu ne za a buɗe, a zuba zuma babban cokali biyu, a ƙara wuta, a riƙa girgiza tukunyar. Cikin minti biyar zuwa takwas ruwan zai ƙafe, mai da zuma da sukarin karas su haɗu su zama danƙon nan mai sheƙi. Hikimar jinkirta zumar ita ce ta zauna a bayan karas inda harshe zai fara cin karo da ita, ƙamshinta kuma bai gudu ba. Cokali biyu a ƙarshe sun fi rabin kofi da aka tafasa tun farko. Wurin nan ne kaɗai ake bukatar tsayuwa a kan tukunya, don tsakanin sheƙi da ƙonewa bai fi minti ɗaya ba. A sauke, a cire kirfar, a ɗiga lemun tsami kaɗan. Gishirin da tsamin su ke sa a ji zaƙin ya cika alhali an rage shi.

In an yi lissafi, duk tukunyar ba ta wuce kalori 850 ba, watau kamar 140 ga kowa, sukarin zuma da na lemo kuwa kamar giram 8 ga mutum ɗaya maimakon 31. Mai son zabibi ko fuloimen, ko dabino in su ba su samu ba, zai iya jefa ɗan abin da tafin hannu zai ɗauka tare da ruwan lemon, amma sai ya rage zumar zuwa cokali ɗaya, don busasshen ɗan itace sukari ne a dunƙule. Mai tanda ta zamani kuma zai iya shafe karas ɗin da man, ya baza a faranti, ya gasa kamar rabin awa da wuta mai ƙarfi, ya yayyafa zumar a minti biyar na ƙarshe. Masu girkin Yahudawa na yau da yawa wannan hanya suka fi bi, ko da yake ni dai ina ganin na tukunya ya fi kama da sunansa. Tun da babu fulawa a ciki, ya dace da Idin Ƙetarewa, lokacin da suke ƙaurace wa gurasa mai yisti da girki da fulawa, kuma tun da babu nama babu madara, ana iya ajiye shi kusa da kowane abinci ba a saɓa dokarsu ba.

Duk kayan nan akwai su a kasuwanninmu, musamman daga hunturu zuwa bazara, lokacin da karas ɗin lambunan rani da na tsaunin Jos yake cika baro a bakin titi, galibi a gaigaye shi ɗanye a tsaye, babu ko ɗigon mai. Uwar da ke son ɗanta ya amfana da shi gara ta dafa masa ta wannan hanya. Sai dai jaririn da bai cika shekara ɗaya ba, ba a ba shi zuma ko da dafaffiya ce, domin takan ɗauki ƙwayar wata cuta mai shanye jijiyoyi wadda tafasa ba ta kashewa, hanjin jariri kuma bai iya kāre kansa daga gare ta ba. Nasa sai a ɗebe kafin a zuba zumar, a farfasa masa da cokali.